Alƙali, Wanzami da Likita: Yadda Shari'a da Magani Suka Sauya a Kudancin Katsina

Tsiga garin manoma ne a ƙaramar hukumar Bakori, cikin yankin da ya haɗa Funtuwa, Malumfashi, Ƙafur, Ɗanja, Faskari da Ƙanƙara. Mutanen wurin suna kiran yankin Karaduwa, masana tarihi kuma suna ce masa Katsina Laka saboda ƙarfin ƙasarsa, wadda take ba da dawa, masara da auduga. A nan, kamar ko'ina, al'umma ba ta rabuwa da bukatu biyu: wanda zai raba gardama idan rigima ta tashi, da wanda zai yi magani idan jiki ya ƙi daɗi. Cikin shekara ɗari biyu da suka wuce waɗannan ayyuka biyu sun sha canza hannu, daga maigida da boka zuwa alƙali da malami, daga nan zuwa En'e da malamin asibiti, har suka iso ga kotun jiha da likita. Sai dai babu sabon tsarin da ya kawar da na gabansa ɗungurungum. Kowanne ya hau kan wanda ya tarar, kamar yaɓen da ake ƙara wa katangar ƙasa bayan damina. Wanda ya kama kuwa shi ne wanda mutane suka iya kai wa gare shi, suka kuma yarda da shi.

Zamanin gandu

Kafin jihadi, kudancin Katsina yana da tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki, da gidajen noma masu yawa a warwatse cikin karkara. Ginshiƙin rayuwa shi ne gandu: uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare, kowane magidanci yana da 'yar gayaunarsa, maigida kuma shi ke ciyarwa, shi ke yi wa samari aure. Yawancin rigingimu a gida suke mutuwa. Idan magana ta fi ƙarfin gida, kamar iyakar gona ko ɓarnar dabbobi, sai ta je gaban dattawa da sarkin gari. Abin da ake nema shi ne sulhu da biyan ɓarna, domin masu rigimar gobe ma tare za su yi gayya.

Magani ma a rarrabe yake tsakanin masu sana'a, kuma yawanci gado ne. Boka yana da saiwa, sassaƙe, jiƙo da turare. 'Yan bori suna kula da cutar da aka danganta da iskoki. Ungozoma tana yanke cibiya, ta kula da maijego. Maɗori yana ɗora karaya da karare da tsumma. Wanzami kuwa shi ne mai aikin fiɗa na ƙauye. Idan mutum ya koka da nauyin jiki ko ciwon baya, wanzami zai buɗe zabira, ya jiƙa wurin, ya kafa ƙaho ya zuƙa har fata ta taso, ya cire ya yi 'yan tsage da aska, sannan ya mayar da ƙahon ya ja jinin da ake kira mataccen jini. Shi ne kuma mai kaciya, mai askin suna, mai cire belu. Babu takardar izini a wannan tsari. Abin da ke tsare mara lafiya shi ne sunan gidan mai maganin, domin wanda aikinsa ya yi ta ɓaci, kasuwarsa ce za ta mutu.

Littafi ya shigo

Ilimin shari'ar Musulunci ya daɗe a birnin Katsina. Shehu Magili ya ziyarci birnin a ƙarshen ƙarni na 15, a ƙarni na 17 kuma aka yi manyan malamai irin su Ɗan Masani da Ɗan Marina. Amma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, shi ya mayar da fiƙihun Malikiyya dokar ƙasa. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, alƙali ya zama jami'in hukuma mai hukunci da Risala da Muhtasar da Tuhfa. Mai ƙara da wanda ake ƙara sukan durƙusa a zaure, alƙali yana kan buzu, muhuti yana gefe. Kawo shaidu yana kan mai da'awa. Idan ya rasa, sai wanda ya musanta ya yi alwala ya rantse da Alƙur'ani. Gado ya samu ƙayyadadden kaso, har da rabon 'ya mace da tumuniyar matar mamaci. Kisa da rauni suka shiga babin ƙisasi da diyya. Maguzawa, waɗanda suke da yawa a ƙasar Malumfashi, an bar su da al'adunsu na aure da gado, suna biyan jiziya.

Shugabannin jihadi sun damu da magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan ɗibbu, ciki har da ciwon ido da basir. Malamai suka yi hani da bori da tsafi, rubutun sha da laya da tofi suka samu gindin zama. Duk da haka bori bai mutu ba, ya dai koma cikin gidaje da ƙauyukan Maguzawa. Wannan zamani yana da nasa nauyin: bauta halal ce a doka, akwai rinji na bayi masu noma, hare-haren Katsinawan Maraɗi kuma sun sha tayar da garuruwa.

Zuwan Turawa

Turawan Ingila sun karɓi Katsina a 1903. Ba su rushe kotunan alƙalai ba, sun dai sa su ƙarƙashin idon Razdan da Di'o, suka hana yanke hannu da jifa, suka ce hukuncin kisa sai Gwamna ya sa hannu. Aka umarci hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu, aka kafa kotun alƙali a manyan garuruwa, tare da littafin rajista da kuɗin sammaci. A kudancin Katsina, Galadima yana Malumfashi, Sarkin Maska yana Funtuwa, Makama yana Bakori. Talakan Tsiga ya samu alƙali kusa da shi, amma ya samu haraji da jangali da ɗan doka su ma kusa da shi.

Babban sauyin doka a wannan zamani shi ne na bauta. Dokar 1901 ta hana cinikin bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne. Waɗanda suke cikin bauta kuwa da yawansu ta hanyar murgu suka fanshi kansu, alƙalai suna ba su takardar 'yanci. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, aka kafa injin gurzar auduga, aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa. Kuɗi ya shiga hannun samari, baƙi suka cika Funtuwa, gandu ya fara sassautawa. Shari'o'in bashi, jinginar gona da raba gado suka ƙaru a gaban alƙalai.

Maganin Turawa da farko na soja ne da ma'aikatan gwamnati. Ya iso karkara ne ta ƙofar annoba, kuma da sandar hukuma a hannu. Agana da sanƙarau da ƙyanda suna kashe mutane duk rani. Masu lamba suna zuwa da rakiyar dogarai, duba-gari yana leƙa randa da masai ya kai maigida kotu a ci shi tara. A ƙasar Zazzau, yaƙi da ciwon barci ya sa an tayar da ƙauyuka a yankin Ancau a ƙarshen shekarun 1930, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Kutare kuma aka keɓe su a sansanoni irin na Babbar Ruga kusa da Katsina, inda 'yan mishan suke kula da su. Saboda haka mutane da yawa suka fara sanin asibiti a matsayin wani reshe na mulki, har iyaye suna ɓoye 'ya'yansu idan an ce masu lamba sun iso. Abin da ya fara karya wannan tsoro shi ne allura. Da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutane suka ga gyambo da ciwon sanyi suna warkewa cikin kwanaki, sai suka riƙa zuwa disfensare da ƙafarsu.

Daga En'e zuwa jiha

Gab da samun 'yancin kai, zaman dokoki biyu na laifuka, ta alƙali da ta Turawa, ya zama matsala. Shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu a 1947, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun sarki ta yanke, ta fito da saɓanin fili. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a daga Sudan, Pakistan da Ingila. Shawararsu ta haifar da kundin Final Kod, wanda aka tsara bisa na Sudan, ya fara aiki a 1960. Laifuka suka koma ƙarƙashin rubutaccen kundi guda, aure da saki da gado suka zauna a hannun alƙalai, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe wannan tsari shi ne Mamman Nasir, Ministan Shari'a na Jihar Arewa daga 1961 zuwa 1966, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992, sannan ya zama Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi, har rasuwarsa a 2019.

Mulkin soja ya ƙarasa abin da aka fara. Tsakanin 1967 da 1968 aka rufe kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka zama kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, 'yan doka da gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba hakimai da ikon zartarwa, a shekarar ne kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta, matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna da ƙaramar hukuma. A ranar 23 ga Satumba 1987 aka cire Jihar Katsina daga Kaduna. A takarda, dagaci da mai unguwa sun daina shari'a. A aikace, har yau rigimar burtali da iyakar gona a zaurensu take fara sauka.

Malumfashi a idon masu bincike

Ƙasar Malumfashi tana cikin wuraren da aka fi nazarin lafiyar karkara a Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da likitanci a 1967, asibitin Malumfashi kuma ya shiga cikin asibitocin da take koyarwa a cikinsu. A shekarun 1970, jami'ar da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka gudanar da babban bincike a ƙauyukan yankin kan zazzabin cizon sauro, tsargiya, saran maciji da mutuwar ƙananan yara. A daidai lokacin shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, yana shimfiɗa hanyoyi da gina madatsun ruwa. Hanyoyin sun sauƙaƙa kai mara lafiya asibiti, ruwan da ke kwance kuma matattarar sauro ne da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Masanin tarihi Murray Last ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970, Lewis Wall kuma ya yi nazarin maganin Hausawa a yankin, ya fitar da littafinsa a 1988. Abin da Last ya lura da shi shi ne mara lafiya ba ya ɗaure kansa ga hanya guda. Zai sha rubutu, ya sha jiƙo, ya je a yi masa allura, ba tare da ya damu da bayanin da kowane mai magani yake bayarwa kan asalin cutar ba. Abin da yake nema shi ne dacewa. A wannan zamani ne aka ga manyan nasarori: gangamin lamba da aka fara a 1967 ya kawar da agana daga Nijeriya a 1970, aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Kurkunu, wanda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina, ya ja baya da yawaitar rijiyoyi da tace ruwa, har aka shaida Nijeriya ta rabu da shi a 2013.

Haihuwa

Babu inda al'ada, doka da magani suka fi cuɗanya kamar ɗakin haihuwa. Kunya tana hana mai haihuwar fari yin kuka, ungozoma sau da yawa sai bayan an sauka take shigowa, fita asibiti kuma sai da izinin miji. Idan naƙuda ta yi tsawo, akan yi yankan gishiri. Doguwar naƙuda ga yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, cutar da take raba mace da mijinta da mutane. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Binciken Kelsey Harrison kan haihuwa 22,774 a Zariya, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa ga matan da ba su je awo ba da kuma 'yan mata ƙanana. A Babbar Ruga, likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a shekarun 1980, tsohon sansanin kutare ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki, inda dubban mata suka warke.

Shari'ar da ta fara daga Bakori

A watan Agustan 2000 Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta bi sahun Zamfara wajen dawo da shari'ar Musulunci kan laifuka. Shari'ar da ta fi jan hankalin duniya daga ƙaramar hukumar Bakori ta fito. A watan Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, bazawara daga Kurami, hukuncin rajamu saboda ta haihu ba ta da aure. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a ranar 19 ga Agusta 2002. A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi, alƙalai huɗu cikin biyar suka sallame ta.

Hujjojin da kotun ta dogara da su daga cikin fiƙihu da dokar jihar suka fito. Alƙali ɗaya ne ya yi shari'ar farko alhali doka ta ce uku. Ba a bayyana mata tuhumar yadda ya kamata ba. Tana da haƙƙin janye iƙirarinta. Sannan a mazhabar Malikiyya ciki yana iya kwanciya har shekara biyar, don haka cikin bazawarar da ba ta kai wannan wa'adi da rabuwa da mijinta ba ana iya jingina shi ga tsohon mijin. Likitancin zamani bai san kwantaccen ciki na shekaru ba, amma a fiƙihu amfanin wannan ƙa'ida shi ne tsare nasabar yaro da kau da haddi idan akwai shubuha. Shari'ar ta nuna cewa kare rai a kotu yana bukatar alƙali mai zurfin karatu da lauya da hanyar ɗaukaka ƙara, abubuwan da talakan ƙauye ba kasafai yake samu ba.

Amana da rigakafi

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. A cikinta ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya dace ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya ƙarfafa jita-jitar da ta sa Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Hakimai da dagatai suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a, mata 'yan unguwa suka shiga gida gida. A watan Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Halin da ake ciki

Dokokin lafiya sun yawaita. An kafa hukumar NAFDAC a 1993 don yaƙi da jabun magunguna. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar wanda ke cikin halin gaggawa, ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2018 aka hana maganin tari mai kodin. Bayan samamen da aka kai gidajen mari a Kaduna, Daura da Katsina a 2019, an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Gwajin jini kafin aure, don kauce wa amosanin jini da cuta mai karya garkuwar jiki, ya zama ruwan dare, Kano ma ta mayar da shi doka a 2024.

A ƙauye kuwa, likitan farko shi ne mai kemis, wanda yake ƙirga wa mutum ƙwayoyi daidai kuɗinsa, ya yi allura, ya ba da bashi har kaka. Mai maganin gargajiya ya koma mota da lasifika ranar kasuwa, shagunan maganin Musulunci masu habbatus sauda da zuma da ruƙiyya sun bazu. Matsalar tsaro ta ƙara nisanta mutane da kotu da asibiti. An sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, a watan Fabrairun 2025 kuma 'yan bindiga suka ɗauke tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, Birgediya Janar Maharazu Tsiga, daga gidansa a Tsiga, sai a watan Afrilu ya kuɓuta. Inda hanya ba ta biyuwa da dare, mai naƙuda sai ta jira gari ya waye, ma'aikacin lafiya kuma ba ya son kwana a ƙauye. Gwamnatin jihar ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023 don taimaka wa jami'an tsaro.

Tarihin yankin ya nuna cewa rubuta doka da gina asibiti su ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Lambar dole ta sa an ɓoye yara, allurar da aka ga amfaninta ta jawo mutane da kansu, rigakafin shan inna kuma bai yi nasara ba sai da ya biyo ta hannun shugabannin da jama'a suka sani. Gyaran da ya rage a Tsiga da maƙwabtanta na fili ne: alƙalai masu horo da saurin yanke hukunci, lauyan da talaka zai iya samu, ungozomar asibiti da ke kwana a garin, sa ido kan masu kemis da masu maganin gargajiya tare da horar da su, da hanyar da za a bi lafiya dare da rana.